Amsoshin Tambayoyinku: Fulawar nan ta "jiya, yau da gobe"

To jama'a masu saurare barkanmu da warhaka. Yau wasiƙu uku ne a gabana kuma dukkansu a kan fulawa ɗaya suke, wato Brunfelsia, wadda ake wa laƙabi da jiya, yau da gobe. Asalinta daga Brazil take, an sa mata sunan wani Bajamushe masanin tsirrai Otto Brunfels da ya rasu a 1534. Laƙabin kuwa daga furenta ya samo asali, ranar farko ya buɗe da launin shunayya mai duhu, washegari ya koɗe, rana ta uku ya koma fari, sai ka ga bishiya ɗaya da kala uku kamar an haɗa baki.

Wasiƙa ta farko wata baiwar Allah ce ta ce an gaya mata wai fulawar ba ta son rana, sai ta ajiye tukunyar a ƙarƙashin matakalar bene, yau kusan shekara ganye kawai take yi ba fure ko ɗaya. Hajiya, ai inuwa daban duhu daban! A dajin da ta fito a ƙarƙashin manyan itatuwa take tsirowa inda haske ke ratsowa ta tsakanin ganye, to irin wannan wurin za ki nema mata, ta sha ranar safe kamar awa biyu ko uku, in rana ta take tsaka kuma inuwa ta rufe ta. Kuma don Allah kar ki yi saurin canja mata babbar tukunya don tausayi, ta fi yin fure in saiwarta ta ɗan matsu. In za ki yi mata aski ki bari sai ta gama fure tukuna.

Na biyu wani malam ne, ya ce sabbin ganyen sun koma ruwan ɗorawa amma jijiyoyin ganyen na nan kore shar, ya ƙara taki abin bai canja ba. Malam, ba yunwa take ji ba, sinadarin ƙarfe ne ta kasa zuƙa. Ita ƙasa mai ɗan tsami take so, in ruwan da kake ba ta irin wanda ke barin farin abu a gindin buta ne, a hankali yake kashe tsamin ƙasar, ƙarfen yana nan amma saiwa ba ta iya ɗauka. Ka riƙa tarar mata ruwan sama in da hali, ka cakuɗa ruɓaɓɓen ganye a ƙasar, ka nemi takin ƙarfe na fulawa. Ka leƙa ƙasan tukunyar ma, in babu huda ruwa na kwanciya to saiwar ce ke ruɓewa. Ni dai yatsa nake tsomawa, in na ji sama ta ɗan bushe sannan in ba da ruwa.

Ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, mai tambaya ya ce yana da kare da ƙananan yara, shin ba matsala? Akwai fa. Dangin su tumatir da taba ce, amma duk jikinta guba ne, musamman 'ya'yan da take yi bayan fure, karnuka kuma suna son tauna su, sai amai da rawar jiki har da farfaɗiya. Ka riƙa tsinke 'ya'yan tun suna ƙanana, ka ɗora tukunyar inda hannu da baki ba za su kai ba, in kuwa ka ga an ci kar ka tsaya jiran gani, a garzaya wurin likita da reshen a hannu don ya san me aka ci.

Lokaci ya cimmana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.