Amsoshin Tambayoyinku: Fim ɗin Annihilation da littafin da aka ɗauko shi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan fim guda, Annihilation, wanda ya fito a shekarar 2018. Wanda bai kalla ba ya sani, za mu tona wasu sirrikan labarin.

Wani mai sauraronmu ya rubuto cewa ya ji an ce daga littafi aka ɗauko fim ɗin, yana son sanin wanda ya rubuta shi, kuma ko labarin ɗaya ne.

To malam, marubucin Ba'amurke ne mai suna Jeff VanderMeer. Littafin ya fito a 2014, shi ne na farko cikin uku da ya fitar a wannan shekarar, har ya ci lambar yabo ta Nebula. Fim ɗin kuwa Alex Garland na ƙasar Ingila ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni. Tushen labarin ɗaya ne: wani yanki a gabar teku da hukuma ta killace, inda tsirrai da dabbobi ke sauya kama ba a san dalili ba. Ana tura ayarin masu bincike, wasu ba sa dawowa, waɗanda suka dawo kuma ba yadda suka tafi suke ba. Sai wata masaniyar ilimin halittu ta shiga, bayan mijinta ya je ya dawo a wani irin yanayi. Daga nan littafin da fim ɗin kowa ya kama hanyarsa. A littafin mata huɗu ne, kuma babu mai suna, da aikinsu kawai ake kiran su. A fim su biyar ne, kowace da sunanta da tarihinta, Natalie Portman ce ta fito a matsayin Lena, wato masaniyar ilimin halittun. Garland da kansa ya bayyana cewa bai koma ya sake karanta littafin ba lokacin da yake rubutun, ya yi aiki ne da abin da ya zauna masa a rai.

Wasiƙa ta biyu da zafinta ta zo. Wata baiwar Allah da ta karanta littafin ta ce an ci amanarsa, tunda an cire hasumiyar nan, alhali ita ce zuciyar labarin.

Malama, a kan hasumiya ina bayanki. Bari in yi wa sauran masu sauraro bayani. A littafin akwai wani rami mai matakala da ke gangarawa cikin ƙasa. Abokan tafiyar suna ce masa rami, amma mai ba da labarin, wato masaniyar ilimin halittun, ta dage cewa hasumiya ce, ita ma ba ta san me ya sa ba. A jikin bangon akwai rubutu, kuma rubutun mai rai ne, wani abu ne kamar gansakuka ke tsirowa yana zama haruffa, can ƙasa kuma akwai halittar da ke ci gaba da rubuta shi. Da matar ta matsa kusa don ta karanta, sai ta shaƙi ƙurarsa, tun daga nan ta fara sauyawa. Wannan ƙurar ce ta sa ta daina faɗawa tarkon shugabar ayarin, masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda ke juya hankalinsu da wasu kalmomi da aka dasa musu tun wajen horo. Sannan a wata hasumiyar daban, ta fitilar jiragen ruwa, mai ba da labarin ta tarar da tulin kundayen waɗanda suka riga su zuwa, yawansu ya nuna cewa ƙarya aka yi musu da aka ce su ne ayari na goma sha biyu.

Kin ga ke nan tsoron littafin na rashin yarda ne. Ba ka yarda da hukumar da ta aiko ka ba, ba ka yarda da shugabarka ba, kai ko wadda ke ba ka labarin ba ka da tabbacin hankalinta nata ne. Wannan ya yi rauni sosai a fim, kuma asara ce babba.

Inda na rabu da ke shi ne maganar cin amana. Littafin kundi ne na mace ɗaya, duk abin da muka sani daga alƙalaminta ya fito. Kyamara kuwa in ta nuna abu, mai kallo zai ɗauka haka yake, don haka shakkar da takarda ke haifarwa tana da wuyar ɗauka. Sai Garland ya nemi wata ƙofa. Ya mayar da labarin kan yadda mutum ke rusa kansa da hannunsa: Lena ta ci amanar aurenta, ɗaya tana fama da ciwon daji, ɗaya ta yi shaye-shaye, ɗaya ta rasa 'yarta. Yankin kuma ya zama wurin da ƙwayoyin halitta ke cakuɗuwa, mutum ya shiga tsiro, tsiro ya ɗauki siffar mutum. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne ya cika bayani. Tun a farko an nuna wani abu ya faɗo daga sararin samaniya kan hasumiyar fitila, daga baya kuma ɗaya daga cikin matan ta fayyace yadda sauyin ke faruwa. Littafin farko bai yi wa mai karatu wannan sauƙin ba, kuma ya fi ƙarfi saboda haka.

Na uku ya tambaya ko dabbar nan mai ihu da muryar mace tana cikin littafin.

Babu ita, malam, ƙirƙirar masu fim ce. Amma a nan ne na ga sun fahimci littafin fiye da ko'ina. A littafin akwai wata halitta da ke nishi cikin ciyayin fadama duk yamma, akwai kuma dabbar ruwa da ta dubi matar da ido irin na mutum. Abin da ake nufi shi ne waɗanda suka ɓace ba mutuwa kawai suka yi ba, yankin ya haɗiye su, wani abu nasu ya saura. Dabbar fim ɗin da ke neman taimako da muryar Cass, ɗaya daga cikin matan ayarin wadda dabbar ta kashe, wannan tunanin ne aka mayar da shi abin ji da kunne. Haka ma fagen ƙarshe, inda wata halitta ke kwaikwayon duk motsin Lena, kusan babu magana sai sauti.

Ta ƙarshe gajeriya ce: da wanne za a fara? Ku fara da littafin, ba shi da tsawo, kuma gara ku zana yankin a ranku kafin a zana muku. Fim ɗin kamfanin Paramount ne ya sake shi a gidajen sinima na Amurka, sannan Netflix ta ɗauki nauyin nuna shi a yawancin sauran ƙasashe.

Nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.