Sule biyar ɗin da ya tsayar da motocin Landan a 1918

To jama'a, yau Ingila zamu leƙa lokacin yaƙin duniya na farko. A 1915 sojojinsu sun shiga ƙarancin harsashi sosai har gwamnati ta buɗe ma'aikata guda ta kula da makamai, aka ba wani ɗan siyasa mai suna Lloyd George. Sai ga 1916 an fara kwasar maza dole zuwa fagen daga. To wa zai tsaya a masana'anta? Mata.

Da yawansu da can aikatau suke yi a gidajen masu kuɗi, yanzu sun koma ɗura sinadarin fashewa mai suna TNT cikin bama-bamai, kuma wannan sinadarin sai ya rine musu fata ta koma ɗorawa shar, har ake kiransu 'yan matan kanari, tsuntsun nan dai. Ba rinin kaɗai ba fa, yana cin hanta, wasu sun mutu ta haka. A masana'antar makamai ta Barnbow kusa da garin Leeds, Disamba 1916, fashewa ɗaya ta kashe mata 35.

Yanzu maganar kuɗi. Albashin ya fi na aikatau nesa ba kusa ba, amma galibi kusan rabin na namiji ne. Dabarar masu kamfani kuwa, aikin da gwani ɗaya yake yi sai a tsattsaga shi gida-gida a raba wa mata, shikenan in kin ce a biya ki daidai sai a ce ai ba aikinsa kike yi ba, wani yanki ne kawai.

Agusta 1918 aka ƙara wa maza masu aikin bas da taragon cikin gari sule biyar a sati na tsadar rayuwa, mata kwandastoci ko kwabo. Eh, sulen nan dai da kakanninmu suka kashe. Matan suka ajiye aiki, abin ya bazu har wajen Landan, cikin kwanaki aka basu sule biyar ɗin, amma albashi daidai wa daida aka ce tukuna.

Ashe ayyukan da aka ba matan kayan aro ne. Tun farko an yi wa ƙungiyoyin ƙwadago alkawari maza zasu dawo gurabensu, 1919 aka mai da shi doka, aka sallami mata dubbai, wadda ta ƙi komawa aikatau kuma ana iya yanke mata kuɗin tallafin rashin aiki. Dokar biyan albashi daidai sai 1970 aka yi ta, ta fara aiki 1975.