Amsoshin Tambayoyinku: Kartar poka sana'a ce?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko a yau ta fito ne daga wani matashi a Shari'ul Mansur, nan Makka. Ya ce ya ga bidiyon wani Ba'amurke da ya ci dala miliyan 12 a gasar kartar da ake kira poka, shi ne yake tambaya ko da gaske akwai masu cin abinci da wannan wasa, kuma ko kuɗin duka nasu ne.

To ɗan'uwa, bidiyon ba ƙarya ba ne. Sunan mutumin Daniel Weinman, a 2023 ya ci dala miliyan 12.1 a babbar gasar poka ta duniya, wadda ake yi duk shekara a Las Vegas tun 1970. Sai dai an nuna maka mutum ɗaya ne cikin 10,043 da suka shiga, kowannensu ya zube dala 10,000. Daga aljihunsu kyautar ta fito, bayan gidan caca ya yanki nasa kason. Wajen kashi 15 cikin 100 ne ke samun wani abu, sauran kuwa sun tashi a tutar babu.

Masu sana'ar akwai su. Amma bari in ba ka labarin gwaninsu, Stu Ungar. Sau uku yana lashe wannan gasa: 1980, 1981, sai 1997. A karo na ukun ko kuɗin shiga ba shi da su, abokinsa Billy Baxter ne ya biya masa, da ya ci dala miliyan 1 suka raba biyu. Haka da yawansu ke yi, wani ya zuba kuɗi, kai ka zauna kan tebur, in an ci a raba, gwamnati kuma ta karɓi haraji. Rabon Ungar bai daɗe a hannunsa ba, cacar tseren dawaki da ta wasanni da hodar iblis suka lamushe shi. A Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, da dala kusan 800 a jikinsa. Wannan fa mutumin da abokan wasansa ke cewa ba su ga kamarsa ba ke nan.

Ko wanda bai lalace ba, lissafinsa ba kullum yake daɗi ba. Daniel Negreanu na Kanada ya fito da nasa na 2017 da kansa: ya ci sama da dala miliyan 2.7, amma abin da ya biya na shiga gasa ya ɗara haka. Shekara guda cur, ya tashi da asara.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Jidda. Ta ce ɗanta kullum bayan isha'i yana wajen abokai suna buga balut, hankalinta bai kwanta ba, ko shi ne wannan pokar?

Ranki ya daɗe Hajiya, ba ɗaya ba ne. Balut mutum huɗu ke bugawa, biyu-biyu, da kati 32, ana tara maki, har gasarsa aka yi a Riyad a 2018. Poka kuwa a kan zubi aka gina ta, kowane zagaye sai an sa wani abu a tsakiya. Caca haramun ce, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya, dokar Saudiyya ma ta hana ta. Hukuncin kartar da babu kuɗi a ciki, wannan na bar wa malamai. Ke dai ki zaunar da shi ki tambaye shi cikin lalama: idan an tashi daga wasan, akwai wanda ke miƙa wa wani riyal?