Kuɗin Fiton Ƙarfe: Daga Aljihun Wa Yake Fita?

[Hoto: tartsatsin walda a wani shago a Sabon Gari, da hantsi]

Assalamu alaikum, jama'a. Wannan ƙofar da kuke gani ana haɗawa, ta wani bawan Allah ce da ke gini a wajen Samaru. Ku riƙe ta a ranku, za mu dawo kanta.

Akwai wani saƙon murya da ke ta yawo a WhatsApp, an turo mini shi har na daina ƙirgawa. Mai maganar yana cewa Trump ya ɗora wa ƙarfen waje haraji mai nauyi, yanzu China ce ke zuba wa Amurka kuɗi, don haka mu ma mu yi haka mu huta. A ƙarƙashin bidiyonmu na baya ma tambayar da ta fi yawa ke nan. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa, shi ya sa muka ɗauko kyamara yau.

[Hoto: taswira, jiragen dakon kaya, naɗaɗɗen ƙarfe a tashar ruwa]

Bari mu bi gaskiyar da sauri. A watan Maris na 2018 Donald Trump ya sa kuɗin fito kashi 25 cikin ɗari a kan ƙarfen da ake shigarwa Amurka, da kashi 10 a kan alminiyam, wanda muke kira sanholo. Da ya dawo mulki, a Maris na 2025 ya mai da su duka kashi 25, a watan Yuni kuma ya ninka zuwa 50. Wannan duk ya faru. Sai dai ƙasar da ta fi kowa sayar wa Amurka ƙarfe da sanholo maƙwabciyarta ce, Kanada, ba China ba. Wannan ƙaramin gyara ne. Babban yana nan tafe.

[Hoto: tashar Apapa, kwantena, jami'in kwastam riƙe da takardu]

Ku dubi nan da kyau. Jirgi ya iso Legas. Kamfanin da ya ƙera ƙarfen yana can ƙasarsa, tuni ya karɓi dalolinsa, ya juya kan cinikin gaba. Wa ke tsaye gaban kwastam? Ɗan kasuwar da ya yi odar kayan, ko wakilin da ke fitar masa da su. Ɗan Najeriya ne. Sunan kamfaninsa ne a takarda, asusunsa za a zare wa kuɗi, kuma naira zai biya. Babu wata takardar neman biya da ake aika wa gwamnatin China ko ta Turkiyya. Idan kun ji an ce “an sa wa ƙasa kaza haraji”, abin da ake nufi shi ne an sa wa duk ɗan gida da ya sayo kaya daga can.

Shi kuma Alhajin nan ba sadaka ya fito yi ba. Zai haɗa kuɗin fito da harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin tirela daga Legas zuwa Arewa, ya ɗora ribarsa, ya miƙa wa dila. Dila ya miƙa wa mai shago. Mai shago ya miƙa wa mai walda. Mai walda ya ɗaga kai ya dubi mai ƙofa.

Wani zai ce, to ai kamfanin waje na iya rage farashi don kada ya rasa kasuwa. Yana iya yi, kuma idan ya yi, ya ɗauki wani ɓangare na nauyin. Amma a 2023 hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka, wato USITC, ta fitar da rahoto kan harajin 2018, ta ce kusan dukkan nauyin a kan masu shigo da kaya na Amurka ya faɗa. Amurka fa, mai kasuwar da kowa ke rububi. Idan ita ba ta iya tilasta wa masu sayarwa su sauko ba, mu da muke sayen ɗan kaɗan daga abin da duniya ke ƙerawa, da me za mu tilasta musu?

[Hoto: shagon rodi, an jera mai kaurin milimita 10, mai 12, mai 16]

Yanzu ga wurin da nake so mu zauna, domin nan ne har masu ilimi ke zamewa.

Mutum zai ce: “Ni ba ruwana, rodin gida nake saya.” Da ruwanka, Malam.

[Hoto: hannu yana rubutu da alli a jikin allo]

Misali ne kawai, da lambobi masu sauƙi. A ce sandar rodi ta waje tana isowa shago a naira 100. Ta gida ma dole ta tsaya wajen 100, domin idan ta haura, mai saye zai tsallaka shagon gaba. Farashin na waje ya zama kamar rufin ɗaki, na gida ba shi da damar miƙewa ya wuce shi.

Sai gwamnati ta sa kuɗin fito kashi 20. Na waje ya koma 120. An ɗaga rufi ke nan. Mai masana'antar gida, da ko sisi bai biya kwastam a kan rodinsa ba, me zai yi? Zai ci gaba da sayarwa a 100? Ku sa kanku a matsayinsa. Abokin gasarku ya koma 120, masu saye sun yi layi a ƙofarku. Za ku ce 115, a gode muku ma, a ce kun yi sauƙi.

Kuma kada a ɗauka mugunta ce ko haɗama. Ainihin abin da aka sa harajin domin sa ke nan. Idan farashin gida bai tashi ba, masana'antar ba ta sami ƙarin kuɗin da za ta sayi inji ko ta ɗauki ma'aikata ba, wato ba a kare ta ba. Kariyar ita ce tsadar. Ba a raba su.

To mu yi lissafi. A ce cikin kowace sanda goma da ake saya a Zariya, uku na waje ne, bakwai na gida. A kan ukun nan gwamnati ta karɓi 20 sau uku, naira 60. A kan bakwai ɗin, masu saye sun biya ƙarin 15 sau bakwai, naira 105. Jimillar abin da ya fita daga aljihun jama'a 165. Abin da ya shiga baitulmali 60. Sauran 105 ɗin ba za ku gan shi a rahoton kwastam ba, ba za ku ji shi a kasafin kuɗi ba. Daga hannun mai gini ya wuce kai tsaye zuwa hannun mai masana'anta.

Ku tsayar da bidiyon ku sake duban allon. Wannan 105 ɗin shi ne abin da mai saƙon murya bai gani ba.

[Hoto: wayar hannu tana nuna farashin dala]

Akwai kuma wani ƙari da ya shafe mu musamman. Kwastam na lissafin kuɗin fito ne a kan ƙimar kaya da dala, sannan a juya ta zuwa naira. Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Ko da kason harajin bai motsa ba, nairar da ake biya a tasha ta ninka fiye da sau uku, rufin nan ya ƙara yin sama, na gida ya bi shi. Shi ya sa mai shago ke ce maka “dala ce” alhali rodin a Ogun aka narka shi. Ba ƙarya yake yi ba gaba ɗaya.

[Hoto: maƙera, garmar shanu, baro, injin niƙa, masu zuba tukwanen sanholo]

Su wa ke ɗaukar wannan kaya? Ga su nan. Ba sai na yi dogon bayani ba, kun san su, wasu 'yan uwanku ne. Mai ƙera garma da manoman Giwa da Soba ke jira kafin damina. Mai haɗa kujerun makaranta. Mai tankin ruwa. A Amurka masana sun ƙiyasta cewa a kan kowane ma'aikaci ɗaya da ke narka ƙarfe, akwai kusan tamanin a sana'o'in da ke amfani da shi. A nan kuwa, ku zaga daga Tudun Wada zuwa Kwangila ku ƙirga shagunan walda, sannan ku ƙirga masana'antun narka ƙarfe.

Abin da ya fi damuna ma ba tsadar ba ce. Idan kuɗi ya gaza, ba fasa ginin ake yi ba, rage ƙarfen ake yi. Inda injiniya ya ce a sa mai 16, sai a sa mai 12. A sayi kwano mai shara-shara, iskar farkon damina ta yaye shi ta kai gidan maƙwabci. Wannan hasarar babu mai rubuta ta a takardar haraji, amma da rayuka ake biyan ta.

[Hoto: masana'antar ƙarfe a China, hayaƙi, tulin ƙarfe]

To ke nan harajin ba shi da amfani? Yana da shi, kuma ba zan ɓoye ba. China ita kaɗai tana narka fiye da rabin ƙarfen duniya, wajen tan biliyan ɗaya a shekara. Da harkar gine-gine ta ja baya a can, rarar ta kwararo waje, fiye da tan miliyan 100 a 2024, a farashin da ƙaramar masana'anta mai fama da janareta ba za ta iya ja da shi ba. Idan aka bar ƙofa a buɗe, masana'antunmu za su rufe, kuma tanderun da ya mutu ba a tashe shi da baki. Ƙasar da ba ta iya yin ƙarfenta, layin dogonta da gadojinta da kayan tsaronta duk suna hannun wasu. Ga ayyukan yi, ga dalar da za a adana. Har ɗan jari-bola da ke tura kurarsa a unguwa yana da rabo, domin galibin rodin gida daga tsoffin ƙarafa ake narka shi, shi ya sa ma aka haramta fitar da su waje.

Koriya ta Kudu ta kafa kamfanin POSCO a 1968, ba ta da wani arzikin tama a ƙasarta, a 1973 ya fara fitar da ƙarfe, yau yana cikin manyan duniya. Gwamnati ta tsaya masa sosai, amma ta sa shi fita kasuwar duniya ya yi gasa.

[Hoto: Ajakuta daga sama. A bar shi ya ɗan jima ba magana]

Ajakuta ke nan, a jihar Kogi. An ba da kwangilarta ga wani kamfanin Tarayyar Sobiyet a 1979. Ga tama a Itakpe, kusa da ita. Har yau babban tanderunta bai narka tama ba. An gina masana'antun murza rodi a Katsina da Jos da Oshogbo don su riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe daga gida. Duk shekara Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye injiniyoyin ƙarafa a nan Samaru. Wallahi duk lokacin da na ga hoton nan sai zuciyata ta sosu.

Ga ra'ayina, kuma nawa ne. Kuɗin fito katanga ce, kuma katanga gona ake yi wa. Rodi muna yin sa, don haka kariya a kansa tana da hujja, muddin an sa mata wa'adi, an ba masana'antu wuta, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, kuma ta tabbatar mai 12 ya cika 12. Amma faffaɗan ƙarfen da ake yin ƙofa da tanki da kwano da shi, asalinsa galibi daga waje yake zuwa. Ka tsauwala haraji a kansa alhali babu mai narka shi a gida, wa ka kare? Tsarin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, yana da matakai biyar: sifili, 5, 10, 20 da 35, kuma hikimarsa ita ce ɗanyen kaya ya biya kaɗan, wanda aka gama ƙerawa ya biya da yawa. Idan aka juya wannan, ƙofar da aka gama haɗawa a Turkiyya ko China sai ta fi ta mai waldan Sabon Gari araha, da hannunmu mun kashe masa kasuwa.

[Hoto: babura a wurin sayarwa, tutar Tarayyar Turai]

Ramuwa kuma, a taƙaice: a 2018 Tarayyar Turai ta mai da martani ga harajin Trump da nata harajin a kan baburan Harley-Davidson da wasu kayan Amurka. Shugaban Amurka George W. Bush ma ya gwada harajin ƙarfe a 2002, ya janye shi a Disambar 2003 bayan Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ce ya saɓa ƙa'ida. Wannan bidiyo ne na daban, idan kuna so ku faɗa a ƙasa.

[Hoto: shagon farko, ana goge ƙofa kafin fenti]

Mu koma ƙofarmu. Na tambayi maigidan shagon, na ce: “Oga, nawa ka yi wa mai ita?” Ya faɗa mini, sannan ya ce yanzu in ya yanka wa mutum farashi, na kwana uku ne kawai, bayan nan sai ya sake leƙa kasuwa. Mai ƙofar nan da faranti mai kauri ya so. Da ya ji kuɗin, ya yi shiru, ya ce a sa masa mai bi masa.

[Maigidan ya ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan yatsa. A bar sautin ya fito]

Ku saurari ƙarar. Mai kaurin ba haka take amsawa ba.