Tanis da sukwash a Accra: labarin kulob da yaran da ke tsintar ƙwallo

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau dai ku yi haƙuri ba zancen Hearts da Kotoko za mu yi ba, wani wasa ne wanda mu 'yan Nima da Mamobi yawanci ta bayan shingen waya muke hangensa, kana cikin trotro ka ji ƙwallo na pam, pam, ka leƙa ka ga manya da fararen kaya da gajeren wando suna ta zufa. Ina kulob ɗin tanis da sukwash irin waɗannan suka samo asali?

A 1877 Turawa suka ɗauke hedkwatarsu daga Cape Coast suka dawo da ita Accra, kuma a wannan shekarar aka fara gasar tanis ta Wimbledon a Landan. Lokacin tanis ɗin kansa jariri ne, don sai a 1874 wani Manjo Walter Wingfield ya yi masa rajista yana sayar da shi cikin akwati, raga da sanduna da raket da ƙwallo duk a haɗe, to ka ga abin da ya shiga akwati ai ba wuya ya hau jirgin ruwa. Turawan mulki suka ware unguwarsu a Ridge, wai suna gudun zazzaɓi, in an tashi ofis da la'asar sai kulob, a buga wasa a sha abin sha. Haka a barikin soja, haka a garuruwan zinariya irin su Obuasi. Ciyawa kuwa rainonta a zafin nan namu aiki ne, shi ya sa za ka ji sunan kulob da "lawn", wato filin ciyawa, amma kana shiga jar ƙasa ce ko siminti.

Shi sukwash a makarantar Harrow ta Ingila ya fara, wajen 1830. Ɗaki ne mai bango huɗu, tsawo mita 9.75 faɗi 6.4, mutum biyu na dukan ƙaramar baƙar ƙwallon roba a jikin bango. Abin mamaki in ƙwallon da sanyi ba ta tashi sam, kamar ka yar da ƙosai, sai an yi ta dukanta ta ɗau zafi. Minti goma a ciki wallahi za ka tuna kakarka.

To ga inda nake son mu tsaya. A allon kulob sunayen shugabanni da waɗanda suka ci kofi ake rubutawa, amma wa ke tsinto ƙwallo in ta fita? Wa ke share fili da asuba, ya yayyafa ruwa, ya ja abin daddaɓe ƙasa, ya gyara farin layi? 'Ya'yan kuku ne da 'ya'yan masu gadi da na boyi-boyi, da yawansu kuwa daga unguwanni irin namu. Bolboi ake ce musu. Ni ma na taɓa wannan aikin ina yaro a wani kulob da ba sai na faɗi suna ba, ka tsuguna gefen raga ranar nan na dukan ƙeyarka, wani mamba in ya zubar da maki kai zai harara kamar kai ka riƙe masa hannu, mai gadi ma ya taɓa koro ni saboda silifas. Amma fa da tsakar rana, sa'ad da masu kuɗi ba sa iya fitowa, filin namu ne. Katako muke fafewa ya zama raket, ƙwallon da gashinta ya suɗe ita ce rabonmu, duk salon da ka gani jiya yau sai ka gwada.

Kada ka raina wannan hanyar. Hashim Khan na Pakistan tsintar ƙwallo yake a kulob ɗin hafsoshin Ingila a Peshawar, in sun tafi ya shiga ya buga ba takalmi, a 1951 ya je Landan ya cinye British Open na sukwash, sau bakwai ya ɗauka jimilla. Daga danginsu Jahangir Khan ya fito, wanda ya yi wasa 555 a jere ba a ka da shi ba, daga 1981 har 1986. A tanis kuma, 1971 gwanin tanis ɗan Amurka Arthur Ashe ya je Yaounde ta Kamaru ya ga wani yaro ɗan shekara 11, Yannick Noah, yaron nan ya tafi Faransa, 1983 ya ci Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faransa.

Mu nan gida Ghana bayan samun 'yancin kai a 1957 ƙofa ta buɗe, likitoci da lauyoyi da hafsoshi 'yan ƙasa suka gaji kujerun Turawa, Nkrumah ya ɗora Ohene Djan kan harkar wasanni, sai dai hankalin ƙasa na kan ƙwallon ƙafa da dambe. Launin fata ya daina tare get, kuɗin rajista ya karɓe shi. Duk da haka an samu gwanaye irin su Frank Ofori da ya daɗe yana riƙe mana tuta a Davis Cup, gasar tanis ta ƙasa da ƙasa.

Watan Maris 2024 da aka yi wasannin Afirka a Accra, a sabbin filayen Borteyman aka buga tanis, Angella Okutoyi 'yar Kenya, marainiyar da kakarta ta rena, ta tafi da zinariya. Sukwash kuma zai shiga Olamfik karon farko a Los Angeles 2028, kuma 'yan Masar ne ke jan zarensu yanzu, su Ali Farag da Nour El Sherbini sun sha zama na ɗaya a duniya. Mu kuwa wasu ɗakunan sukwash ɗin namu in ka leƙa kujerun biki aka jibge a ciki, abin na ba ni haushi gaskiya.

Kalli yaron can da ke jan tiyo a kan jar ƙasa, ƙarfe shida bai yi ba, raket ɗin da ke rataye a kafaɗarsa tsirkiya biyu sun tsinke ya ƙulle su da hannu. Bari mu ƙarasa mu gaisa da shi kafin mambobi su fara isowa.