Idan Injin Ƙunsa Ganyen Shayi Ya Fara Ɓata Jaka, Ga Inda Za Ka Fara Dubawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Ku dubi wannan 'yar jakar shayin da ke tafin hannuna. Gefe ɗaya ya liƙe tsaf, ɗaya gefen kuma da na ɗan matsa da yatsa sai ya buɗe, ganyen ya zubo. A masana'antu da yawa, da zarar irin wannan ta fito sai afareta ya jefa ta kwandon shara, ya nufi allon inji ya hau danne-danne. Ni kuwa roƙona gare ku, kada ku yar da ita. Ita ce za ta faɗa muku abin da ke damun injin, domin ruwa ba ya tsami banza. Ku tara guda goma daga cikin waɗanda suka lalace, ku jera su a kan tebur yadda suka fito, sannan mu fara aiki.

Kafin kowa ya sa hannu cikin inji, a kashe wuta daga babban makunni, a rufe iskar kwamfaresa, a saki wadda ta rage cikin bututu. Ƙarafan liƙi suna da zafin da zai sale fata nan take, kuma silinda mai iska a ciki tana iya rufewa a kan yatsa ko da an kashe wuta.

Injinan nan iri-iri ne. Akwai manya irin na kamfanin IMA na Italiya da Teepack na Jamus, wanda injinsa mai suna Constanta ya fito tun 1949, akwai Maisa na Ajantina, sai kuma ƙananan 'yan Caina da suka fi yawa a hannun masu ƙunsa zoɓo da citta da zogale a garuruwanmu. Aikinsu dai ɗaya ne: a auna ganye, a naɗe takarda, a liƙe, a sa zare da tambari, a yanke, a saka cikin ambulan.

Mu fara da liƙi, don nan ne aka fi shan wahala. Abu uku ke sa liƙi ya kama: zafi, matsi, da tsawon lokacin da ƙarafan suka riƙe takardar. Amma kafin ka taɓa ko ɗaya, buɗe wurin da ya ƙi kamawa ka ɗaga shi ga haske. Idan ka ga ƙurar ganye a cikin layin liƙin, to zafi ba shi da laifi. Ganyen ne yake faɗowa daidai lokacin da ƙarafan ke rufewa, ko kuma ƙura ta yi masa yawa. A nan lokacin zubowar ganye za ka gyara, ko ka tankaɗe ganyen kafin a zuba shi a mazurari.

Idan layin liƙin fes yake amma bai kama ko'ina ba, dubi yadda aka ɗora gammon takardar. Takardar tacewa mai liƙuwa da zafi, wadda nauyinta yakan kai kimanin giram 16.5 a murabba'in mita, fuska ɗaya ce kawai take ɗauke da zaren roba da ke narkewa. Ɗaya fuskar ba ta liƙuwa ko da me za ka yi mata. Na taɓa zuwa wata ƙaramar masana'anta a Kano inda aka wuni ana ƙara zafi, har takarda ta fara yin ja tana warin ƙuna, liƙi kuwa shiru. Oga har ya aika a tambayo kuɗin sabuwar hita. Ashe da safe an canza gammo, an ɗora shi a juye. Muka juya shi, muka mayar da zafi inda yake a da, jaka ta fito lafiya lau. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne buhun ganye da takardar da aka riga aka yi asara.

To idan gefe ɗaya ne ya kama, ɗayan bai kama ba, kamar wannan ta hannuna fa? Wannan matsi ne bai daidaita ba. Bari ƙarafan su huce, ka sa takardar kabon tsakanin farar takarda biyu, ka juya injin da hannu su rufe a kai. Tambarin da zai fito zai nuna maka inda ƙarafan ke haɗuwa da inda ba sa haɗuwa. Wani lokaci noti ne ya kwance, wani lokaci sifirin ya gaji, sau da yawa kuma datti ne ya ƙone ya daskare a tsakanin haƙoran ƙarfen. Goge shi da burushin tagulla. Kada ka kankare da wuƙa ko sukundireba, za ka ci haƙoran, liƙi kuma ba zai ƙara fitowa daidai ba.

Sai bayan duk wannan ake zuwa kan zafi. Lambar da kake gani a allo zafin da sensa ke ji ne, ba lalle ta zama zafin bakin ƙarfen ba. Ku kalli wannan siririyar wayar da ke shiga ramin da ke jikin ƙarfen, ita ce sensar zafi. Idan girgizar inji ta sa ta ɗan zaro daga raminta, za ta riƙa jin zafi ƙasa da na gaskiya, na'urar kuma ta yi ta ƙara wuta, takarda na ƙonewa alhali allo na nuna komai daidai. Idan kuma lambar tana ta hawa ta wuce inda aka sa ta, ba ta tsayawa, a zargi rile mai ba hita wuta, yakan lalace ya maƙale a kunne. Idan zafin ne ba ya hawa sam, cire wayoyin hitar ka auna ta da mita. Hita mai ƙarfin wat 200 a kan wutar bolt 220 za ta nuna wajen om 242. In mitar ba ta nuna komai ba, hitar ta tsinke daga ciki, sai sabuwa. Kuma da safe, ko allo ya kai lambar da ake so, a ɗan jinkirta kamar minti 15 zafin ya ratsa ƙarfen gaba ɗaya kafin a fara aiki.

Duk liƙin da ka gyara, gwada shi a ruwan zafi. Jefa jaka cikin tafasasshen ruwa, ka jujjuya da cokali, ka ɗaga ta da zarenta. Abin da mai shayi zai yi mata ke nan a bakin titi, kuma shi ne zai yanke hukunci.

Yanzu awo. Yawancin ƙananan injina ba nauyi suke aunawa ba, cikar kofi suke aunawa, kamar dai mudu a kasuwa. Mudun gero da mudun dusa ba nauyinsu ɗaya ba. Saboda haka idan ka sauya daga baƙin ganye mai laushi, irin wanda ake sarrafawa a Kakara da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba, ka koma zoɓo ko citta, dole ka sake saita kofin. Ko buhu biyu na ganye iri ɗaya suna iya bambanta. Ajiye ƙaramin sikeli kusa da inji, kowane rabin awa a ɗauki jaka goma a auna. Kada a raina ɗan abin da ya ɗoru. A ce jakarka giram 2 ce, injin yana ƙara giram 0.1 a kowace, yana kuma fitar da 100 a minti. Cikin awa 8 jaka 48,000 ke nan, ganyen da ya tafi kyauta ya kai kilo 4.8 a wuni guda. In kuma ragewa yake yi, haƙƙin mai saye ne ake ci, wannan kuwa ya fi asarar kuɗi nauyi.

Idan nauyin yana hawa yana sauka, har wata jakar ta fito fanko, leƙa cikin mazurari. Ganyen yakan haɗe ya yi kamar gada a saman ramin, ƙasa kuma babu komai. Da damina aka fi ganin haka, saboda ganyen shayi yana zuƙar laima sosai. Yana fitowa daga injin busarwa da laimar da ba ta wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari ba, amma ka bar buhu a buɗe ya kwana cikin watan Agusta, da safe za ka same shi ya dunƙule. A riƙa rufe buhu, kuma kada a bar mazurari ya cika maƙil sannan ya sauka har ƙasa, a riƙe shi a tsaka-tsaki.

Hunturu kuma da tasa rigimar. Iska ta bushe, takarda da leda suna gogar ƙarfe, sai su ɗauki irin wutar nan da ke sa tufafi manne wa jiki. Ƙurar ganye ta bi ta manne a bangon bututu da wurin liƙi, jakunkuna su manne wa juna su ƙi faɗawa. A tabbata wayar ƙasa ta injin tana haɗe da gaske, a kuma ɗan ƙara laima a ɗakin.

Ƙurar hunturun nan ita ce kuma babbar abokiyar gabar idon inji. Dubi ambulan ɗin waje, za ka ga ɗan baƙin tabo a gefensa. Shi idon ke karantawa ya san inda za a yanke. In ka ga wuƙa tana ratsa tsakiyar sunan kamfani, fara da goge gilashin idon da tsumma mai laushi. Bai gyaru ba? Duba ko ledar ta karkace, tabon ya bar gaban idon. In sabuwar leda ce mai wani launi daban, sai an sake koya wa idon bambancin tabo da sauran jikin ledar. In kuma yankan yana gusawa kaɗan-kaɗan, robobin da ke jan ledar ne suka yi santsi suna zamewa.

Takarda mai yawan tsinkewa, birkin gammo ne ya yi tsauri, ko wani ƙarfe a hanyarta ya yi kaifi. Bi hanyar da yatsa a hankali za ka ji shi. Zare mai suɓucewa daga tambari, duba gam ko ya bushe a bakin bututu. Bakin jaka mai gashi-gashi, wuƙa ce ta dakushe.

Akwai wata matsala da ke rikita mutane, inda inji zai yi aiki lafiya, sai can ya fara ɓata jaka, sai kuma ya dawo daidai da kansa. Idan haka ta faru, dubi agogon iska. Yawancin injinan nan suna son matsin iska kusan 6 a ma'aunin bar. Idan wani injin da ke kan layi ɗaya ya ja iska, allurar ta faɗi, ƙarafan liƙi ba za su matse da ƙarfi ba. A kuma riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfaresa da ɗan kofin tacewa kullum, don in ya shiga bawul sai silinda ta fara jan ƙafa. Haka ma wuta, in ta yi rauni hita ba ta kai zafinta. Injin da ke amfani da wutar lantarki mai layi uku kuwa, duk lokacin da aka taɓa wayoyin janareto a duba inda motar injin ke juyawa kafin a sa takarda, domin musanya waya biyu kaɗai ya isa ya sa ta juya baya.

Duk abin da za ka gyara, ɗaya bayan ɗaya. Canza abu guda, fitar da jaka ashirin, duba, rubuta. Ka rataye littafi a jikin injin, a rubuta zafi da gudu da girman kofi na kowane irin ganye a ranar da aiki ya yi kyau, don mai karɓar aikin dare ya san inda zai koma idan abu ya rikice.

Wajen sa mai kuma, kusa da hanyar ganye sai giris ɗin da aka yi don injinan abinci, shi ma ɗan kaɗan. Ganyen shayi yana ɗaukar wari da sauri, ɗigon baƙin mai ko warin dizal daga janareto na kusa zai iya fitowa a kofin mai sha. Idan an tashi aiki, a kwashe ragowar ganyen da ke mazurari a mayar buhu a ɗaure, a zuƙe ƙura da injin zuƙa maimakon a hura ta da iska ta shige cikin giya da idon inji, sannan a lulluɓe gammon takardar da leda har gobe.