Lacca: Mista Bin, injiniyan da ya yi arziki da rufe baki

Assalamu alaikum. To jama'a, na baya kuna ji na? Madalla. Yau kan mutum ɗaya za mu yi magana, ɗan wasan Ingila, sunansa Rowan Atkinson. Na ga fuskokinku, babu wanda ya motsa. To in na ce Mista Bin fa? (dariya) Ato, kun gani, tun ban ce komai ba har an fara. Abu huɗu na tsara: asalinsa, yadda ya shiga harkar, sai Mista Bin ɗin kansa, sannan finafinansa na baya-bayan nan. Allah ya sa lokaci ya ishe mu.

Na farko, asali. An haife shi ranar 6 ga Janairun 1955 a wani gari da ake kira Consett, can arewa maso gabashin Ingila, wato shi ma ɗan arewa ne, ku daina kallonsa a bare (dariya). Shi ne auta a cikin 'ya'ya maza huɗu, mahaifinsu manomi ne kuma ɗan kasuwa. Makarantar da ya yi yana yaro a Durham, nan Tony Blair ya yi, wanda ya zama firaministan Birtaniya daga baya. Abin da zai ba ku mamaki, mutumin nan da kuke ɗauka dolo ne, injiniyan lantarki ne, ya yi digirinsa a jami'ar Newcastle sannan ya wuce Oxford ya yi digiri na biyu, duk a lantarki. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. A Oxford ɗin ne ya haɗu da Richard Curtis, marubuci, wanda suka yi ta aiki tare shekara da shekaru.

Kuma Atkinson yana da in'ina. E, in'ina. Shi da bakinsa ya faɗa a hira cewa in ya shiga rigar wani a wasa sai ta sake shi. Akwai masu irin wannan a cikinku na sani, to kar wanda ya ce muku ba za ku iya hawa dandamali ba.

Na biyu zan yi sauri. 1979 ya fito a wani shirin barkwanci na BBC mai suna Not the Nine O'Clock News, daga nan a 1983 aka fara Blackadder, aka yi shi har 1989. A can Ingila da yawa wannan suke ɗauka shi ne babban aikinsa, kuma a cikinsa baki gare shi kamar reza, baƙar magana kala-kala, habaici, zambo. Amma mu nan wa ya san shi? Ɗaga hannu in ka taɓa kallon Blackadder. Mutum ɗaya... biyu. To kun ga abin da nake nufi. Turanci ne ya tsare shi a gida, in ba ka ji yaren sosai ba, ba ka san tarihin sarakunansu ba, za ka zauna ne kawai kana kallon Turawa suna dariya.

Shi ya kawo mu Mista Bin, kuma nan ne nake so mu zauna, ku yi haƙuri da ni. An fara nuna shi ranar 1 ga Janairun 1990 a tashar ITV. Ku canka min, kashi nawa aka yi? Ɗari? Wa ya ce ɗari biyu? Malam, 15 ne. Goma sha biyar kacal, daga 1990 zuwa 1995. Ban da na katun da aka yi daga baya, wannan daban. Duk abin nan da aka yi ta sakawa a gidajen kallo da shagon aski da motocin haya, aka yi ta turawa a waya, daga cikin goma sha biyar ɗin nan ne. Mu kuma nan sai mu yi shiri mai zango goma, kowane zango kashi goma sha uku, a gama babu wanda zai iya tuna fitowa ɗaya. Ban kama suna ba (dariya).

Me ya sa ya tsallake teku? Ba ya magana. Shi ke nan. Ɗan gunaguni ne a maƙogwaro, sai ido, sai gira, sai leɓe. Kakata ba ta jin ko "zo" da Turanci amma in aka saka shi har hawaye take yi. Kuma kar ku zata dace aka yi, da gangan ne. A 1987, tun kafin a kai shi talabijin, an gayyace shi bikin barkwanci a Montreal ta ƙasar Kanada, akwai ɓangaren masu Turanci akwai na masu Faransanci, sai ya dage a sa shi a na Faransanci. Don me? Don ya gwada ko mutanen da ba yarensu ɗaya ba za su yi dariya. Kun tuna na ce ku riƙe maganar injiniya? To ga ta nan. Sai da ya gwada kayansa kafin ya kai kasuwa. Ya kuma sha faɗar cewa ya koyi abubuwa daga wani ɗan wasan Faransa, Jacques Tati, shi ma da jiki yake wasa.

Ku ɗauki fitowar ɗakin jarrabawa, a kashin farko take. Ya shigo da taƙama, ya jera biro a kan tebur, ya ciro wani, ya ƙara ciro wani, na kusa da shi yana kallonsa. Ya karanta fanni ɗaya na lissafi, ya buɗe ambulan sai ya ga tambayoyin ɗaya fannin ne. Ku lura da fuskar, ba ta faɗuwa lokaci guda, a hankali take narkewa. Daga nan sai satar amsa, ya karkata, ya miƙa wuya, ya hura takardar maƙwabcinsa don ta ɗaga. Sai ana dab da tashi ya gano ashe takardar fannin da ya karanta ɗin tana cikin ambulan tun farko, bai duba ba ne. Duk wanda ya taɓa zana jarrabawa, a Landan ne ko a Zinder, ya san wannan faɗuwar gaban. Babu wanda ya tsaya ya yi bayani. Kuma kowane motsi a lissafe yake, an san inda za a dakata, an san daƙiƙa nawa za a bar ido yana juyawa kafin hannu ya motsa. Wallahi in ka rage daƙiƙa biyu a wurin dariyar ta mutu.

Atkinson da kansa ya kwatanta Mista Bin da yaro a jikin babba, kuma gaskiya ne, amma yaron mugu ne fa, ku daina cewa bawan Allah. Mai son kai ne na ƙarshe. Ku tuna yadda yake yi wa motar nan shuɗiya mai ƙafa uku, kullum sai ya ture ta daga hanya da 'yar Mini ɗinsa, ko waiwaye babu. Abokinsa ɗaya a duniya, 'yar tsanar nan Teddy, ita ma ba ta tsira ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, nasa ƙarfin a harshe yake da murya, kuma ba raina shi nake ba, gwani ne, amma dole ka ji Hausa kafin ka sha daɗinsa sosai. Ku masu tasowa, abin da nake roƙo, ku ɗauki fitowa ɗaya a wasanku ku cire maganar duka ku gani ko za ta tsaya da ƙafarta. Sau ɗaya kawai.

Na uku... a'a mun ci na ukun ko? To na nawa ne ma, finafinai. An yi fim ɗin Bean a 1997, wani a 2007, sai Johnny English guda uku, 2003 da 2011 da 2018, inda yake ɗan leƙen asiri mai shirme. Shi ne muryar tsuntsun nan Zazu a The Lion King na 1994. A bikin buɗe gasar Olympics ta Landan a 2012 ya zauna cikin makaɗa yana danna maɓalli ɗaya na fiyano har ya gaji ya ciro waya. Ya ma yi wasan da ba na dariya ba, ɗan sanda mai bincike, Maigret, a 2016. Ana yi min alama da agogo. Akwai tambaya?

(Wani daga baya: Malam, mun gani a Facebook wai ya rasu a haɗarin mota.)

Kai, wannan mutum an kashe shi a Facebook ya fi a ƙirga (dariya). Ƙarya ce, masu neman a danna musu ne. Amma na san inda suka samo zaren, mayen motoci ne na gaske. Yana da wata McLaren F1, a 2011 ya yi haɗari da ita, ya ji ciwo a kafaɗa, kamfanin inshora ya biya kusan fam dubu 900 kuɗin gyara kawai. Gyara fa, ba sabuwa ba. Kuma ya zo ya sayar da ita a 2015 da tsada fiye da yadda ya saya nesa ba kusa ba. Wanda ya fi wannan ma, a 2001 ya je hutu Kenya da iyalinsa, suna cikin ƙaramin jirgi za su Nairobi sai matuƙin ya suma a sama. Shi ya kama sitiyarin ya riƙe jirgin har matuƙin ya farfaɗo ya sauke su. Ku yi tunani, ka buɗe ido daga suma ka ga Mista Bin ne ke tuƙa ka, ai sai ka koma (dariya).

To an kira salla, sauran tambayoyin ku same ni a waje. Wanda ya ɗauki birona a kan teburin nan ya dawo da shi. Wassalamu alaikum.